Littafin takarda ko na waya: wanne za ki bar 'yarki ta karanta?

Yarinya ta kai shekara goma sha huɗu ko sha biyar, ta kamu da son karatun labari, kuma labarin da take so na soyayya ne. Hana ta ba zai yi ba. In kin hana a gida, za ta karanta a wayar ƙawarta a hanyar islamiyya, ke kuma ba ki san me ta karanta ba. Abin da ya rage wa uwa ko yaya shi ne zaɓi, kuma zaɓin a yau bai wuce biyu ba: ko dai littattafan bugu irin waɗanda muka tashi da su, ko kuma waɗanda ake rubutawa a waya ana watsawa ta WhatsApp da Wattpad da ArewaBooks. Na karanta duka biyun, ina kuma son duka biyun har yanzu. Sai dai ba zan miƙa su ga mutum ɗaya ba.

Mu mutanen Zariya ba mu da bakin cewa labarin soyayya baƙon abu ne da aka shigo mana da shi. A nan Baturen jami'in ilimi Rupert East ya shirya gasar 1933 wadda ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a boko, a nan aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, a nan kuma kamfanin buga littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) ya fara aiki a 1966. Gasar da NNPC ya shirya a ƙarshen shekarun 1970 ce ta fito da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, wanda aka buga a 1980, littafin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa, kuma soyayya ce zalla a cikinsa. Bayan haka ne tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa a Kano suka fara buga nasu da kuɗin aljihunsu, har masanin adabi Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa abin Adabin Kasuwar Kano. Tun lokacin ake cewa littattafan nan suna lalata tarbiyya. Waɗanda aka yi wa wannan faɗan a wancan zamanin su ne iyayen yau, kuma da yawansu da waɗannan littattafan suka gyara karatunsu na boko. Saboda haka ban shigo maganar da niyyar cewa na dā tsarkakakku ne, na yanzu kuma shara ba.

Bambancin da ya fi kowane girma a wajena shi ne wannan: littafin takarda an gama rubuta shi kafin ya zo hannunki, na waya kuma galibi ana rubutawa ne kina karantawa. Duk sauran bambance-bambancen daga nan suka taso.

Ga yadda na waya yake tafiya, ga wadda ba ta taɓa shiga ba. Marubuciya ta buɗe guruf, ta fara sakin feji ɗaya kullum ko bayan kwana biyu. Shafukan farko kyauta ne, ɗanɗano. Daidai inda labari ya ɗauki zafi, an ɗaura aure ko an kama wani da wata, sai a ce daga nan na kuɗi ne, ga lambar akawun, a tura shaidar biya. Wadda ta biya a saka ta a guruf na biyu. A can ne masu karatu suke zuba sharhi bayan kowane feji: wannan ta ce wallahi a saki kishiyar nan, waccan ta ce kada a raba wane da wance, wata ta yi fushi ta ce an cika ja musu rai. Marubuciyar tana gani, kuma tana bukatar su, don su ne kasuwarta. Sau da yawa za ki ga ta rubuta a ƙasan feji cewa in ba a yi sharhi da yawa ba gobe babu ci gaba. To labarin da ake rubutawa a haka tuwo ne da ake tuƙawa ana ɗiba. Wanda ya kamata ya mutu a tsakiya sai ya rayu saboda masu karatu suna son sa, wadda ta tafka ɓarna sai a wanke ta, labarin da feji arba'in zai ishe shi sai ya haura ɗari saboda ba a son guruf ya watse.

Abin da wannan yake yi wa mai karatu na sani a jikina. Ba ki karanta labari ki ajiye ki yi tunani a kansa. Jira kike yi. Ki duba waya bayan la'asar, ki duba bayan isha'i, in fejin ya sauka ƙarfe goma sha ɗaya na dare a lokacin za ki karanta. Babbar mace mai aiki da yara tana iya cewa bari sai gobe. 'Yar aji huɗu a sakandare da wuya ta iya.

Littafin takarda ma ba a rasa shi da nasa jan rai ba. Ana raba shi na ɗaya, na biyu, na uku, har na huɗu, don a sayar sau huɗu, kuma an sha jiran na ƙarshe wata da watanni. Amma kowane kashi yana da bango na gaba da na baya. Kin fara, kin gama, kin rufe. Wadda ta yi zamanin hayar littattafai za ta tuna kamanninsa: siririn littafi mai takarda ja-ja, bangon ya sha hannu har an liƙe ƙeyarsa da salatif, wani shafin da ɗigon manja, a gefen wani kuma wata da ta riga ki karantawa ta rubuta da biro cewa Allah ya isa tsakaninta da wannan mutumin. Kwana ɗaya ko biyu aka ba ki, ki karanta ki mayar. Kuma a tsakar gida kike karantawa, inda Inna za ta iya miƙa hannu ta ce mu ga abin da ya hana ki tankaɗe.

Wannan miƙa hannun shi ne ya kawo mu maganar da iyaye suka fi tsoro, wato batsa. Littafin bugu yana bi ta hannuwa da yawa kafin ya iso: mai buga shi a na'ura, mai ɗab'i, dillali, mai shago. Sunan marubuci na gaskiya yana jiki, wani lokacin har da hotonsa da unguwarsu a bayan bango. A Kano kuma, inda aka fi buga su, akwai hukumar tace fina-finai da ɗab'i tun 2001, wadda ta matsa wa marubuta sosai daga 2007, shekarar da aka ƙona tarin littattafai a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata. Ban taɓa goyon bayan ƙona littafi ba, kuma matsin ya cutar da marubutan kirki da yawa. Amma ko babu hukuma, mutumin da ya san surukarsa za ta iya cin karo da littafinsa a kasuwa yana tauna abin da zai rubuta. In an kai amarya ɗaki a yawancin littattafan nan, sai a ja labule a ce asuba ta gari.

A waya babu ko ɗaya daga cikin hannuwan nan. Daga yatsan marubuciya sai idon mai karatu, kuma da yawa da sunan aro suke rubutu. Akwai masu tsare mutuncin alƙalaminsu, suna da yawa, kuma zalunci ne a haɗa su da sauran. Amma akwai waɗanda shimfiɗa ce jarinsu, sai su rubuta a saman shafin farko cewa wannan littafin na matan aure ne, ba su yarda budurwa ta karanta ba. Duk wadda ta san 'yan mata ta san wannan gargaɗin kira ne. Wattpad yana da ƙa'idar shekara 13 kafin a buɗe akawun, yana da alamar da ake saka wa labarin manya, sai dai marubucin ne yake saka alamar da kansa. WhatsApp kuwa ko alamar ma babu. Sannan a tsakiyar feji, ana cikin labari, sai ki ci karo da tallar kayan mata da lambar waya, da bayanin aikin kowane haɗi dalla-dalla. Yarinyar da ta shigo neman labari ta fita da abin da ba ta nema ba.

Amma in gaya miki gaskiya, akwai abin da ya fi shimfiɗa damuna, kuma iyaye ba su cika lura da shi ba, don babu kalmar kunya ko ɗaya a cikinsa. Shi ne irin namijin da ake koya wa yarinya ta so. A littattafan waya da yawa jarumin miskili ne, hamshaƙin mai kuɗi, ba ya dariya, ba ya amsa gaisuwa. An aura masa yarinya 'yar talakawa ba ya so. Ya wulaƙanta ta, ya mare ta, ya hana ta fita, wani lokacin ya afka mata da ƙarfi, sannan can wajen feji na sittin ya gane ashe son ta yake yi, ya saya mata mota, ya kai ta Dubai, shi ke nan an yafe. Masu sharhi kuma suna ta shi masa albarka. Na sha karanta irin wannan zuciyata tana bugawa kamar kowa, don an iya rubuta shi, amma da na ajiye sai in ji ɗaci. Ni na ga aure, na ga auren 'yan'uwa da maƙwabta, na san mai mari ba ya zama mai tausayi don an kai wani feji. 'Yar shekara sha biyar ba ta da wannan ma'aunin. Abin da za ta ɗauka shi ne wulaƙanci wata ƙofa ce ta so, haƙuri da duka kuma jari ne.

Na takarda suna da nasu ciwon. Su ma suna bautar dukiya, jarumarsu fara ce sol mai dogon hanci da gashi har gadon baya, kuma sun kwaso abubuwa da yawa daga fina-finan Indiya, har da masoyan da suke barazanar hallaka kansu in an raba su. Sai dai faɗan da yake cikin mafi kyawunsu faɗa ne na yarinya da auren dole, da cire ta daga makaranta, da fifita mai kuɗi a kan wanda take so. A Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aura wa tsoho ita ce ta koma karatu ta zama ma'aikaciyar jinya. Mai karatu tana rufe irin wannan littafin da jin cewa mace tana da abin yi da kanta ban da jiran ranar da miji zai sauko. Wannan jin nake so 'yata ta fara samu kafin ta haɗu da miskilin.

Inda na waya suka yi wa na takarda nisa kuwa, sun yi nisa ƙwarai, kuma saboda shi ne ban daina karanta su ba. Dā sai mai jari ko mai hanya a Kano yake fitar da littafi. Yanzu matar aure a Tudun Jukun ko ɗaliba a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, in tana da waya da baiwa, gobe ma sai ta fara, kuma za a karanta ta a Yamai da Jidda. Wannan ya shigo da batutuwan da dā ba a cika taɓawa ba: fyaɗe a cikin gida da yadda dangi suke rufe shi, shan kodin a tsakanin 'yan mata da matan aure, garkuwa da mutane, masoyan da gwajin jini ya raba saboda sikila, ciwon damuwa bayan haihuwa, rayuwar bazawara. Akwai labarin da na karanta a waya a kan yarinyar da aka sako daga hannun masu garkuwa, yadda unguwa ta karɓe ta da yadda saurayinta ya kasa haɗa ido da ita, wanda har yau ban ga kamarsa a takarda ba. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata ta ƙara nuna cewa hannayen kirki suna nan da yawa. Ga babbar mace, ko budurwar da ta shiga jami'a ta fara sanin duniya, rufe wannan ƙofar asara ce.

Sai maganar Hausar kanta. A nan ba sai na ja ba. Littattafan kasuwa ba su da edita, kurakurai sun cika su, amma dai ana ƙoƙarin bin ƙa'ida. Na NNPC kuwa an tace su. A waya an saki ƙa'ida gaba ɗaya: babu ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, jimla ɗaya rabinta Turanci. Yarinyar da za ta rubuta Hausa a WAEC ko NECO, in idonta ya saba da wannan, hannunta ma zai saba.

Ta fuskar kuɗi da samu, na waya ne a gaba, shi ya sa ma ya ci kasuwa. Shagunan haya sun mutu, takarda ta yi tsada, marubuta da yawa sun daina bugawa. A Zariya yau in kina neman tsofaffin littattafan soyayya sai kin taka: ki leƙa masu sayar da littattafai a Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru, inda aka fi samun na NNPC da waɗanda ake karantawa a makarantu, sauran kuma ki tambayi gwaggo ko wata yaya da ta yi zamanin, don akwatuna da yawa a cikin gari suna ɗauke da su a ƙarƙashin zannuwa. Na waya kuwa 'yan ɗaruruwan naira ne, yana zuwa har kan gado. Sai dai ki lissafa da data da caji, ki kuma san cewa abin da kika saya ba lallai ya zauna ba. Waya ta lalace, guruf ya watse, ko marubuciya ta tsaya a tsakiya ba ta ƙarasa ba bayan an biya. Manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka saka littattafansu a ciki, ta rufe a ƙarshen 2023. Littafin da ke cikin akwatin gwaggo kuwa ya shekara talatin yana nan.

Akwai masu sauraron littattafan a YouTube, inda ake karanta su da murya. Yana taimakon wadda karatu yake yi wa wuya ko mai aikin hannu, amma mafi yawansu na wayar ne aka karanta, kuma in an kunna a kicin har ɗan shekara bakwai yana ji.

Wani abin da ya kamata a faɗa shi ne, a duka ɓangarorin biyu, littafin da aka rubuta musamman domin 'yan shekara sha uku zuwa sha bakwai ya yi ƙaranci a Hausa. Waɗanda suka yi sakandare a shekarun 1980 sun samu jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan da Turanci, gajerun labarai na matasan Afirka, da soyayya a ciki amma an san wa ake rubuta wa. Mu a Hausa jarumar tana da shekara sha shida, amma marubuciyar da masu karatun da take hange duk manya ne. Kada shekarun jaruma su ruɗe ki ki ɗauka littafin na sa'anninta ne. Wannan kuskuren ne ya fi saka littafin matan aure a hannun 'yan mata.

To ga yadda zan zaɓa. Yarinyar da ba ta gama sakandare ba, takarda zan ba ta, kuma wanda na karanta da kaina. Ba zan jira ta nema ba, ni zan kawo mata, don wadda aka ƙosar da labari mai daɗi a gida ba ta cika rarumar kowane ba a waje. In ta gama mu yi hirarsa muna tsintar shinkafa: me ya sa wance ta yi haka, ke da ke ce fa? A nan za ki ji abin da ke ranta wanda tambaya kai tsaye ba za ta fito da shi ba. In takardar ta gagara samu, to na waya amma kammalalle, a wayarki ke uwa, ba a guruf ba. Guruf ɗin nan ko da littafin mai tsabta ne ban yarda yarinya ta zauna a ciki ba, saboda manyan mata ne a ciki suna hirarsu ta manya, kuma lambarta tana bayyane ga duk wanda ya biya ya shiga, ciki har da mazan da suke shiga da sunan mata.

Wadda ta girma kuwa, ɗalibar jami'a ko matar aure, na waya zai fi ba ta abin da ya shafi rayuwarta ta yau. Shawarata gare ta ita ce ta bi marubuciya, kada ta bi guruf. In kin samu wadda hannunta ya gamsar da ke, ki riƙe ta, ki jira ta kammala, ki biya ta kuɗinta kai tsaye. Littafin kuɗi da ake turowa kyauta a wasu zaurukan sata ce, kuma matar da ta kwana tana danna waya da babban yatsa har wuyanta ya ƙage tana da haƙƙi a kan duk wadda ta karanta.

In kuma littafin waya ne za ki tantance wa yarinya ba ki da lokacin karanta feji ɗari, wurare uku sun isa su nuna miki shi. Ki karanta shafin farko, don a nan gargaɗi da talla suke. Ki nemi inda aka kai amarya, ki ga ko an ja labule. Sannan ki nemi wurin da jarumin ya fara ɓata wa jarumar rai, ki bi shi kaɗan ki ga abin da ya biyo baya: ko wani a cikin labarin, uwa ko ƙawa ko malami, ya kira abin da sunansa ya ce zalunci ne, ko kuwa kowa haƙuri yake ba ta ana cewa wata rana zai so ta. In na biyun ne, ko da babu kalmar batsa ɗaya a ciki, ki nema mata wani.